Darasi Kan Ƙullutu a Nono Ga Mai Shirin Ɗaukar Ciki

Ƙullutu a nono shi ne duk wani curi ko tauri da hannu ya ji ya bambanta da sauran naman da ke kewaye da shi, ko wanda na'urar hoto ta hango tun hannu bai kai ga jin sa ba. Ya zama ruwan dare ga mata masu shekarun haihuwa, kuma galibinsa ba sankara ba ne. A cikin goman da aka ciri namansu aka auna, wajen takwas kan fito lafiya. Sai dai hannu kaɗai, ko da na ƙwararren likita ne, ba ya iya rantsuwa a kan wane ne lafiyayye, wane ne mugu. Saboda haka ƙa'idar ita ce kowane ƙullutu a san sunansa, kuma ga mai niyyar haihuwa a san shi tun ciki bai shiga ba.

Dalilin gaggawar yana cikin abin da ciki ke yi wa nono. Tun watannin farko sinadaran jiki irin su istirojin da furojestaron da furolaktin ke hauhawa, nono ya cika, ya yi nauyi, hanyoyin ruwan nono su yawaita, naman ya yi gudaji-gudaji. Ƙaramin ƙullutu sai ya ɓace a ciki, hoto ma ya yi wuyar karantawa. Bayan haihuwa ga goyo, wanda a gidajen Hausawa yakan kai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Ke nan daga shigar ciki zuwa yaye ana maganar kusan shekara uku, kuma duk tsawonsu kowane sauyi a nono yana da uzurin da za a rataya masa: ai ciki ne, ai nono ne ya kwanta, ai yaro ne ya buge ta da kai. Sankarar nono na bayyana a kusan ciki ɗaya cikin 3,000. Ba ta da yawa, amma an fi makara wajen gano ta a wannan lokaci fiye da kowane lokaci, saboda waɗannan uzurori.

Ire-irensa

Wanda ya fi yawa ga 'yan mata da mata 'yan ƙasa da shekara 35 shi ne faiburo'adinoma. Sumul yake, yana da iyaka a fili, ba ya ciwo, kuma idan aka danna shi sai ya silɓe daga ƙarƙashin yatsa. Yana jin sinadaran jiki, don haka yakan ƙara girma da ciki, ya ragu bayan yaye ko bayan ɗaukewar al'ada. Ba ya hana ɗaukar ciki, ba ya hana shayarwa, ba ya taɓa jariri.

Na biyu jakar ruwa ce, wadda ta fi zuwa tsakanin shekara 35 da 50. Takan kumbura ta yi zafi gab da al'ada, ta lafa bayanta. Idan ta dami mai ita, ana zuƙe ruwan da siririyar allura. Masu goyo kuma suna da nasu: jakar da ruwan nono ya taru a ciki saboda toshewar hanya, da kumburin nono mai zazzaɓi, da ƙurji mai mugunya.

Akwai wani da ba a cika gani ba, filodis, wanda bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙarin da ke fitowa a nono ba. A hannu da hoto yana kama da faiburo'adinoma, amma girmansa na sauri ne, kuma cire shi ake yi. Shi ya sa ƙullutun da aka sani shekara da shekaru, idan ya soma girma kwatsam, ake sake duba shi daga tushe.

Alamun da ke sa a hanzarta zuwa asibiti su ne ƙullutu mai tauri da ya kafe wuri ɗaya, kan nono da ya shige ciki bayan da ba haka yake ba, jini ko ruwa garai da ke ɗiga da kansa daga nono ɗaya, kaluluwa a hammata da ta ƙi bajewa, da fatar da ta yi kauri da ƙananan ramuka kamar ɓawon lemo. Littattafan likitanci da yawa kan ce fata za ta yi ja. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai. Wurin yakan ƙara duhu ne ko ya yi shunayya, kuma mai jikin ita ce ta fi kowa gane hakan. Rashin ciwo ba shaidar lafiya ba ne, domin sankara a farkonta galibi ba ta ciwo.

Yadda ake bincike

Bincike mataki uku ne: dubawar hannu, hoto, sannan ciro ɗan nama idan hoton bai warware ba. A Hyattsville da sauran garuruwan gundumar Prince George's a jihar Maryland ta Amurka, inda 'yan Najeriya da Gana da Kamaru da sauran 'yan Afirka ta Yamma ke da yawa, ƙofar shiga ita ce likitan iyali ko likitan mata. Shi ke rubuta takardar zuwa ɗaukar hoto, ko a cibiyar hoto mai zaman kanta ko a manyan asibitocin yankin, irin su asibitin Jami'ar Maryland da aka buɗe a Largo a 2021 da asibitin Doctors Community da ke Lanham. Mace na da damar ta nemi mace ce za ta duba ta, kuma masu ɗaukar hoton nono kusan dukkansu mata ne.

Ga 'yar ƙasa da shekara 30, da sikanin ake farawa, domin nonon yarinya a cushe yake, mamogiram ba ya ratsa shi da kyau. Sikanin ɗin nan irin na duba ciki ne, da sauti yake aiki, kuma nan take yake bambanta jakar ruwa da curin nama. Daga 30 zuwa 39 ana iya haɗa biyun. Daga 40 mamogiram ne kan gaba. A watan Afrilun 2024 kwamitin ƙwararru da ke ba Amurka shawara kan rigakafi ya mayar da shekarun fara mamogiram na yau da kullum zuwa 40, duk bayan shekara biyu, har zuwa 74. Amma wannan na wadda ba ta ji komai ba ne. Wadda ta ji ƙullutu ba ta jiran cikar shekaru, kuma lokacin karɓar rana dole ta faɗa cewa akwai ƙullutu, domin hoton bincike daban yake da na duba-gari: likitan hoto yana nan a wurin, yana iya cewa a ƙara ɗauka ta wani gefe, sau da yawa kuma a ranar ake jin bayani. Ranar mamogiram ba a shafa hoda, ko man shafawa, ko humra, ko maganin warin hammata a ƙirji da hammata, don ɓurɓushinsu kan fito a hoto ya rikita karatu.

Wadda ta taɓa yin hoto a gida, ko a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko a Shika, ko a Yamai ko Kumasi, ta nemi a turo mata hoton kansa tare da rahoton. Ƙullutun da ya shekara uku bai motsa ba labarinsa daban ne da wanda aka fara gani yau, kuma tsohon hoto ne kaɗai ke tabbatar da hakan.

Rahoton hoto a Amurka yana ƙarewa da lamba ta tsarin BI-RADS, daga 0 zuwa 6. Sifili na nufin ana bukatar ƙarin hoto. 1 ba a ga komai ba, 2 an ga abu amma lafiyayye ne. 4 akwai shakka, sai an ciro nama. 5 yiwuwar sankara ta kai kashi 95 cikin 100 ko fiye. 6 an riga an tabbatar da ita.

Lamba 3 ce ke sa mai shirin haihuwa a tsaka mai wuya. Ma'anarta yiwuwar sankara ba ta wuce kashi 2 cikin 100 ba, kuma tsarin da aka saba shi ne a sake hoto bayan wata 6, da wata 12, da wata 24. Idan bai sauya ba a shekara biyu, sai a mayar da shi lamba 2. To amma mace mai shekara 36 da ke neman haihuwar fari, ko wadda ta daɗe tana jira, shekara biyu ba ƙaramin abu ba ne gare ta, kuma ba a cewa kowa sai ta jira. Hanya biyu ce a buɗe. Ko ta ɗauki cikin a ci gaba da bin ƙullutun da sikanin, da sanin cewa zai iya girma saboda cikin, girman kuma zai iya jawo a ciro nama a tsakiyar laulayi da fargaba. Ko kuwa a ciro naman tun yanzu a rufe zancen. Likitoci da yawa kan karkata ga ta biyun idan ƙullutun yana jiyuwa a hannu, ko mace ta haura 35, ko akwai sankara a dangi. Likitan hoto ba zai san da shirin ciki ba sai an gaya masa, kuma wannan jumla guda kan sauya shawarar gaba ɗaya. Haka nan wadda za ta fara shan magungunan neman haihuwa ko dashen ƙwai, a warware batun ƙullutu tukuna.

Ciro nama ba tiyata ba ce. Mace na kwance a gadon sikanin, hannu ɗaya a saman kai. A goge wurin, a yi allurar kashe zafi, a ɗan tsaga fata tsagar da ba ta bukatar ɗinki. Likita na kallon allo yana tura allura mai rami har bakin ƙullutun, sai a ji ƙarar "ƙas" lokacin da ta yanko sili ɗaya na nama. A maimaita sau uku zuwa biyar. Daga nan a bar wani ɗan mitsitsin ƙarfe a wurin don alama ga masu hoton gaba. Ba ya tayar da na'urar filin jirgi, ba ya shiga ruwan nono. Duka aikin bai fi rabin awa ba. A manna filasta, a ɗora ƙanƙara, wurin ya yi tabon jini na 'yan kwanaki. Sakamako kan fito cikin mako guda, kuma sau da yawa yakan faɗo a manhajar asibiti ta waya kafin likita ya kira, cike da kalmomin da ke tsorata wanda bai saba da su ba. Gara a jira bayanin likita kafin a shiga lalube a intanet.

A nan ne wata tsohuwar magana ke tare wa mata hanya, wai daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya bazu. Maganar tana da inda ta samo asali. A Najeriya, inda sankarar nono ce ta fi kowace sankara kama mata, akasarin masu ita ba sa isa asibiti sai ta kai mataki na uku ko na huɗu. A yi aiki, ba da jimawa ba mace ta rasu, sai dangi su ɗora laifin a kan wuƙa, alhali cutar ta riga ta yi nisa tun kafin a shiga ɗakin tiyata. Allurar gwaji ba ta watsa sankara. Abin da ke ba ta fili shi ne watannin da ake ɓatawa ana shafa man zaitun da habbatussauda, ko a bari sai an je gida hutu a kai wa mai sakiya. Kayan gyaran nono da ake sayarwa a WhatsApp, na sha da na shafawa, waɗanda ba a san abin da aka zuba a cikinsu ba, su ma a ajiye su, a kuma gaya wa likita an yi amfani da su.

Cirewa ko bari

Faiburo'adinoman da gwaji ya tabbatar, ƙarami, marar damuwa, barin sa ake yi a ɗauki ciki da shi. Ana maganar cirewa idan ya haura santimita 2 zuwa 3, ko yana girma da sauri, ko yana ciwo, ko sakamakon nama bai yi daidai da abin da hoto ya nuna ba. Idan za a cire, kafin ciki ya fi sauƙi: aikin yini ɗaya ne, a koma gida a ranar, a warke cikin 'yan makonni. Abu biyu ya kamata likitan fiɗa ya ji. Na farko niyyar shayarwa, domin yankan da ya bi gefen baƙin da ke kewaye da kan nono ya fi ɓoye tabo, amma ya fi kusa da hanyoyin ruwan nono da jijiyoyin ji. Na biyu ko jikin mace na yin tabo mai tudu, wanda ya fi yawa ga baƙar fata; hujin kunne ko tsohon rauni kan nuna.

Tarihin dangi

Hukumar ƙididdigar lafiya ta ƙasar Amurka ce ke tattara bayanan haihuwa da mutuwa daga dukkan jihohi. Alƙaluman mace-macen da take tarawa sun daɗe suna nuna cewa baƙaƙen mata a Amurka sun fi farare mutuwa da sankarar nono da kusan kashi 40 cikin 100, duk da cewa ba su fi su kamuwa ba. Sankarar kuma tana kama su da ƙuruciya, kuma nau'in nan mai zafi da ba ya jin maganin homon ya ninka a cikinsu. Makara da rashin inshora na cikin dalilai, gado ma na ciki. Binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago da abokan aikinta suka wallafa a 2018 kan matan da suka kamu a Ibadan ya sami tawaya a ƙwayar gado ta BRCA1 ko BRCA2 a jikin fiye da kashi 10 cikin 100 nasu. Mai ɗauke da wannan tawaya haɗarinta a tsawon rayuwa ya haura kashi 60 cikin 100, alhali na sauran mata a Amurka kusan 13 ne.

Don haka likita zai tambayi ko akwai wadda ta yi sankarar nono ko ta ƙwan mace a dangi, da shekarunta. Tambayar ta shafi ɓangaren uba daidai da na uwa. Amsar takan yi wuya, domin a gida ba a cika kiran sunan ciwo ba, sai dai a ce wance ta yi doguwar jinya Allah Ya yi mata rasuwa. Gwaggo ko inna ko yayar da ta yi jinyar ita ke da labarin, kuma kiran waya ɗaya ya isa: wane wuri ne ciwon, an yi mata aiki a ƙirji, tana da shekara nawa. Gwajin gadon da jini ko yawu ake yin sa. Dokar tarayya ta 2008 ta hana kamfanin inshorar lafiya ko mai ba da aiki nuna bambanci saboda sakamakonsa, amma ba ta rufe inshorar rai ba.

Kuɗi da harshe

Tun Janairun 2024 dokar Maryland ta hana kamfanonin inshorar da jihar ke kula da su cajin mace wani kaso a kan hoton binciken nono. Marar inshora kuma tana da cibiyoyin lafiya na al'umma masu rage kuɗi gwargwadon samun mutum, irin su Mary's Center a Adelphi da La Clínica del Pueblo a cikin Hyattsville. Jihar na da shirin gwajin nono da bakin mahaifa kyauta ga masu ƙaramin ƙarfi daga shekara 40 zuwa 64, ana tambayarsa a sashen lafiya na gunduma. Daga Yulin 2023 Maryland ta soma ba mai ciki inshorar gwamnati ta Medicaid ko da takardun zamanta ba su cika ba. Wannan taimako ne babba, amma yana iya jan mace ta ce bari ta jira cikin ya shiga sannan a duba ƙullutun kyauta. Lissafin bai fita ba, don ta sayar da lokacin da bincike ya fi sauƙi.

Asibitin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya wajibi ne ya samar da tafinta kyauta, galibi ta waya ko ta bidiyo, kuma ana iya neman na Hausa ko na Faransanci. Sa ɗa ko 'ya su fassara zancen nono da al'ada yana sa uwa ta haɗiye rabin abin da ta zo faɗa.

Idan sankara ce

Magani ke zuwa gaba, ciki ya biyo baya. Amma tun kafin a fara kemo ake tayar da maganar haihuwa, domin kemo na iya raunana ƙwan mace. Ana iya ɗebe ƙwai a daskarar da su, aikin kusan mako biyu, kuma Maryland na cikin jihohin da suka wajabta wa wasu kamfanonin inshora biyan wannan. Ɗaukar ciki bayan an gama magani ba ya dawo da cutar. Wadda ke shan maganin homon na tamoksifen, wanda ake sha shekara 5 zuwa 10 kuma yake lahani ga ɗan tayi, a da sai dai ta haƙura. Binciken POSITIVE da Dakta Ann Partridge ta cibiyar Dana-Farber a Boston ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2023, ya bi mata fiye da 500 da suka dakatar da maganin homon bayan wata 18 zuwa 30, har tsawon shekara biyu, don su haihu. A cikin shekara uku cutar ta dawo wa kashi 8.9 cikin 100 nasu, a rukunin da aka kwatanta su da shi kuma 9.2. Dakatarwar da sanin likita ake yin ta, a bar wata uku maganin ya fita daga jiki, bayan haihuwa kuma a koma a ƙarasa shi.

Ƙullutun da ya fito da ciki ko da goyo

Duk wanda ya kai mako biyu bai baje ba, a yi masa sikanin. Sikanin ba ya cutar da ɗan tayi, allurar ciro nama ma haka, kuma hasken mamogiram da ke kai wa mahaifa bai taka kara ya karya ba. Abin da ake gujewa da ciki shi ne hoton MRI mai allurar gadoliniyom. Idan ta tabbata sankara ce, ba sai an zubar da cikin ba: ana iya tiyata, ana iya ba da wasu nau'o'in kemo bayan wata ukun farko, gashin na'ura da maganin homon ne ake ɗagawa sai an haihu.

Mai goyo da nononta ya kumbura da zazzaɓi ta ci gaba da shayarwa ta wannan ɓangaren, domin fitar ruwan na cikin maganin. Idan an sha maganin ƙwayoyin cuta mako guda babu sauƙi, a koma a yi hoto, saboda akwai sankarar da ke zuwa da siffar kumburi. Jaririn da ya dage yana ƙin nono ɗaya, shi ma dalili ne na duba wannan nonon. Shayarwar kanta kariya ce: wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2002 ya nuna kowace shekara guda ta shayarwa na rage haɗarin da kusan kashi 4 cikin 100. Ba a yaye yaro don za a yi hoto ko gwajin nama. Abin da ake bukata kawai shi ne uwa ta shayar ko ta tatse nonon gab da shiga ɗakin hoton, sannan ƙullutun da aka bi shi tsawon ciki da goyo a sake auna shi kamar wata uku bayan yaye, lokacin da nono ya koma yadda yake.